Maser ɗin Tibiri da Ɗan Bako: me ta bar mana, kuma me ya sa ba ma zancenta?

Uwar_Nana:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar na je biki Tibiri. Muna zaune a ƙofar gida sai ga 'yan mata ƙanana sun wuto a jere, kowacce da kayenta a hannu. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce, "Ɗiyan Maser ke nan." Na tambaye ta wace Maser, ta dube ni kamar na ce ban san Goulbi ba. Daga baya na bincika. Sunanta Marie-Catherine Kingbo, 'yar Katolika ce, daga Senegal ta zo a 2006, ta kafa ƙungiyar masu hidima a nan, ta buɗe makaranta a Tibiri da wurin kula da yara masu tamowa a Ɗan Bako. Ta rasu a 2021.

An haife ni a Maraɗi, na yi aure a Maraɗi, amma ban taɓa jin sunanta ba sai ranar. Na san sunan kowane alhajin da ya gina bene a unguwar Zariya, ban san sunan matar da ta yi shekara goma sha biyar tana ciyar da yaran ƙauyukanmu ba. Ni dai a ganina ta yi mana abin da mu 'yan gari ba mu yi wa kanmu ba. Shirun da muke yi a kanta, don ba Musulma ba ce, ko don talakawan ƙauye ta yi wa aiki? Wanda ya san ta ya ba mu labari.

Laouali_Bagalam:
Allahu akbar. Ashe ta rasu. Allah ya jiƙanta.

Malam_Mokoyo:
Wa alaikumus salam. Laouali, ƙanena, gyara kalamanka. Ba a nema wa wanda ya mutu ba a kan Musulunci ba gafara, aya ta 113 a Suratut Tauba ta yi bayani. Kana iya yi wa mutanenta ta'aziyya, kana iya faɗin alherin da ta yi. Wannan babu laifi.

Laouali_Bagalam:
Na ji Malam, na gode. Baki ne ya saba.

Polin_SabonGari:
Na gode Hajiya da kika ɗauko wannan zance. Ni Kirista ce, 'yar Katolika, a nan na girma, bari in ƙara abin da na sani. Kafin ta zo Nijar ba ƙaramar mace ba ce. Ta shugabanci wata tsohuwar ƙungiyar masu zaman zuhudu ta Senegal, Filles du Saint-Cœur de Marie, wadda aka kafa tun 1858, kuma ta yi sama da shekara goma a kan kujerar. Bayan ta sauka ta tafi karatu Paris. Mace mai irin wannan matsayi tana iya komawa Dakar ta zauna a inuwa, ana kawo mata abinci. Sai ta zo wajen Monsanyer Ambroise Ouédraogo, bishop ɗin da ke riƙe da cocin Katolika na Maraɗi a lokacin, tun 2001, ta fara daga babu. Ta haura shekara hamsin a lokacin, Hausa ma ba harshenta ba ce. Ƙungiyar da ta kafa sunanta Fraternité des Servantes du Christ, wato 'yan uwantakar bayin Almasihu mata.

Ɗan_Jibiya:
Ni daga tsallaken iyaka nake bin zauren nan. Da na ga kan maganar na ɗauka Mother Teresa ake nufi. Mu a nan sista muke ce musu, ban san maser ba.

Mushe_Issoufou:
Maser daga Faransanci ne, "'yar uwata" ke nan, bakinmu ya lanƙwasa shi. Abu ɗaya ne da sistarku.

Ina son mutane su lura da shekarar da ta zo. 2006. Wanda ya yi wayo a lokacin ya san abin da 2005 ta yi mana. Damanar 2004 ta yanke da wuri, fara ta bi ta kan abin da ya saura, buhun hatsi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kaɗai sun yi wa yara sama da dubu 60 magani a Nijar a shekarar, mafi yawa a jiharmu. Ina koyarwa a wani ƙauye a lokacin. Na ga mata suna tonon gidan tururuwa don su kwashe tsabar da ke ciki. Ajina ya tashi daga yara hamsin da wani abu ya koma ƙasa da ashirin, wasu sun bi iyayensu Najeriya, wasu ba su da ƙarfin tafiya lakwal. Da 'yan jarida suka tattara kayansu suka tafi, a bayansu ita ta iso.

Alhaji_Kantin_Kwari:
Ku bar yaudarar kanku. Babu wanda zai bar ƙasarsa ya zo ya sha ranar Maraɗi a banza. Da hatsi ake kama tsuntsu. Ita kanta ta faɗa cewa lokacin da take karatu a kan Musulunci a Paris ne ta ji kiran ta je ta bayyana Almasihu a cikin Musulmi. To me kuke so a ƙara gaya muku?

Polin_SabonGari:
Alhaji, ba zan musa maka ba, haka ta faɗa, kuma ba ta ɓoye ba. Don addininta ta zo. Ni ma in na yi alheri don Ubangijina nake yi, kai ma in ka fitar da zakka don Allah kake fitarwa. Amma ka je ƙauyukan da ta yi aiki, sun haura ɗari, ka ƙirga min majami'u nawa aka gina. Kiristocin Nijar duka, da Katolika da sauran, ba mu kai kashi biyu cikin ɗari ba. Abin da ta fahimta da bayyana Almasihu shi ne a ga halinta, a ga aikinta. Ko ka yarda da wannan ko ba ka yarda ba, ba a sa sharaɗin baftisma a kan kofin kunu ba.

Alhaji_Kantin_Kwari:
Yau ba a sa ba. Yaron da ya tashi a hannunsu fa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Zeinabou_AliDanSofo:
Baba Alhaji, ni a makarantar mishan na yi shekara shida, ni da ƙannena biyu. Mun fito da sallarmu da azuminmu, da yamma muna allo a gida. Yanzu ina da hijabina har ƙasa. Abin da na ɗauko a can shi ne zuwa a kan lokaci da rubutu mai kyau. Manyan ma'aikata nawa ne a ƙasar nan, alhazai, suka bi ta mishan?

Bagobira:
Ni ban iya dogon rubutu ba, ɗiyata ce ka rubuta mini. Ƙauyenmu na wajen nan. Jikana yana da shekara ɗaya da wata huɗu uwarshi ta samu ciki, anka yaye shi rana ɗaya, anka kawo mini. Bai yi wata biyu ba ƙahwahu sunka kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi kamar na masara. Mun ce iska ce, mun yi turare, mun sha rubutu. Wata maƙwabciya ta ce in kai shi wurin su maser.

Wata yarinya ce cikinsu ta amshe mu, baƙa siririya, Hausarta a karye. Ta danna babban yatsanta bisa ƙahwarshi, da ta ɗauke wurin ya zamna rami bai taso ba. Ta naɗa mishi wani ɗan zare mai launi a dantse, ya tsaya kan ja. Ba ta yi mini hwaɗa ba. Wannan shi na riƙe har yau, don na taɓa zuwa wani wuri inda anka ce mini mu mutanen ƙauye mu ka kashe ɗiyanmu da jahilci, na koma gida ban sake zuwa ba. Ita ko ta zamna ƙasa kan tabarma tare da ni, ta ce wannan ya hi ƙarhin kunu, sai likita, ta sa anka kai mu. Da munka dawo ne sunka koya muna kunun hatsi da garin wake da ƙuli-ƙuli da ɗan mai. Duk abin da muke da shi a gida ne. Yaron yanzu shi ka kai awaki kiwo.

Babbar tasu sau ɗaya na gane ta, daga nesa. Ban san komi ba game da addininta. Na san dai tabarmar.

Uwar_Nana:
Inna, Allah ya raya shi. Kin sa ni hawaye wallahi.

Anfirmiye_Rabi:
Inna Bagobira ta kwatanta abin daidai. Zaren da ta ce, awon dantse ne: in ya gaza milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani. Ramin da yatsa ya bari kuma kumburi ne, kuma yaro mai kumburi ya fi wanda ya rame kawai shiga haɗari, ko da ido yana ganin kamar yana da jiki. Irin wannan ba a cika masa ciki da tuwo, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Madara ta musamman ake ba shi kaɗan-kaɗan, bayan awa biyu ko uku, dare da rana, sai kumburin ya sauka a koma biskit.

Kuma ku duba abin takaici. Biskit ɗin nan, Plumpy'Nut, da me aka yi shi? Gyaɗa, garin madara, sukari, mai, da sinadaran ƙarin jini. Gyaɗa! Ga Maraɗi, garin da aka san shi da gyaɗa tun zamanin Turawa. Matsalarmu ba rashin noma kaɗai ba ce. Da kaka ana sayar da hatsi da arha a biya bashi a yi biki, maigida ya rufe rumbu ya tafi cirani, uwa ta rage da abin da ta samu a gamanarta. Jariri ana ɗura masa ruwa tun bai yi wata shida ba, sai zawo. Ciki ya shiga a yaye da gaggawa. Damana ta zo da zazzaɓin sauro a daidai lokacin da rumbu ya ƙare. Wanda ya raba buhu ya tafi bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya sa nake girmama matar nan shi ne ta gane haka: ta haɗa ciyarwa da ba mata ɗan jari, da karatun 'ya mace, da zama da maza a yi magana.

Ɗan_Jibiya:
To ai kamar Mother Teresa ɗin ke nan. Ita ma baƙuwa ce a Indiya. An haife ta a Skopje a 1910, 'yar Albaniyawa, ta isa Indiya a 1929 ta yi shekaru tana koyarwa, a 1950 ta kafa ƙungiyarta a Kalkata, a 1952 ta buɗe gidan da ake kwaso marasa galihu masu mutuwa a titi. Ta sami kyautar Nobel a 1979, ta rasu a 1997, Fafaroma Francis ya sa ta cikin waliyyansu a 2016. Duniya duk ta san ta. Taku kuwa ko a garinku ba a san ta ba.

Anfirmiye_Rabi:
Ɗan_Jibiya, ni ba zan haɗa su ba. Mother Teresa ta ɗauki mutanen da kowa ke ƙyama, wannan babu mai ƙwace mata. Amma a 1994 editan mujallar likitoci ta Lancet ya ziyarci gidan nata na Kalkata, ya rubuta cewa ba a rarrabe wanda zai warke da wanda ba zai warke ba yadda ya kamata, kuma maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi ya yi ƙaranci. A aikinmu tausayi kaɗai ba ya isa. Ku koma ga labarin Inna: yarinyar nan ta san iyakarta, ta ce wannan sai likita. Ni wannan ya fi burge ni a kan kowace kyauta.

Polin_SabonGari:
Yaya Rabi, gidan Kalkata ba asibiti ba ne tun asali, wurin da mutum zai mutu a kan shimfiɗa ne maimakon bakin kwata. Amma na ji maganarki.

Laouali_Bagalam:
Su ne kuma masu asibitin kutare na Danja ko?

Mushe_Issoufou:
A'a Laouali, Danja da Galmi na mishan ɗin SIM ne, ba Katolika ba. Su ma Kiristoci ne amma ɗariƙa daban. Su ne kuma Tony Rinaudo ya yi aiki da su a nan tun wajen 1981, mai koyar da barin kututture ya toho a gona maimakon a sassabe shi. Mu dai duk "mishan" muke cewa mu haɗe su.

Mai_Unguwa_Tsoho:
Ni abin da ban yarda da shi ba, shiga maganar aure. Ciyar da yaro alheri ne. Amma a tara mutane a ce kada su aurar da ɗiyansu? Uba ya hi kowa sanin ɗiyarshi. Yarinya ta girma tana talla tasha-tasha, in abin kunya ya hwaru, maser ce za ta ɗauki kunyar ko ni?

Hassana_Tchadoua:
Baba, da girmanka, bari in ba ka nawa. Shekarata goma sha huɗu aka ɗaura min aure, ina aji shida, saura wata uku jarrabawa. Babana ba mugu ba ne, tsoron da ka faɗa shi ne tsoronsa. A sha biyar na yi naƙuda kwana uku a ɗaki. Da aka ɗora ni a amalanke zuwa likita, ɗan ya riga ya mutu, ni kuma na tashi da yoyon fitsari. Shekara biyu ina kwana a kan leda, ba na shiga taro, ko sallah ina kokwanton tsarkina. Mijin ya aiko da takarda. Sai da aka yi min aiki na dawo mutum. Kunyar da ake gudu, Baba, ni na ɗauke ta, ni kaɗai, ba tare da na yi laifin komai ba.

Mai_Unguwa_Tsoho:
Ɗiyata, Allah shi ba ki lada. Ban da ta cewa kan abin da kinka gani. Amma ƙaddara ce, akwai wanɗanda anka aurar da wuri sunka haihu lahiya.

Anfirmiye_Rabi:
Akwai su Baba. Amma binciken ƙasa na 2012 ya nuna mata 76 cikin ɗari a Nijar ana aurar da su kafin sha takwas, 28 kafin sha biyar, kuma jiharmu tana sahun gaba. Ƙugun yarinya bai gama buɗewa ba, kan ɗa ya tsaya ya danne mafitsara har naman ya mutu. Haka yoyon ke samuwa, ba iska ba, ba maita ba.

Malam_Mokoyo:
Zan faɗi abin da na sani saboda amana. Wani abokin karatuna limami ne a ƙauye, yana cikin waɗanda aka riƙa gayyata tarukan da take shiryawa na limamai da masu gari. Ya ce da niyyar faɗa ya je karon farko. Abin da ya tarar, ba a taɓa masa aƙida ba, an kawo bayanin lafiya, aka bar malamai su yi magana da nasu littattafan. Kuma a fiƙihunmu na Malikiyya ma an bambanta ɗaurin aure da tarewa, ba a miƙa yarinya sai ta iya ɗauka, kuma "la darara wa la dirara", wato ba cuta ba cutarwa, hadisi ne. Dabararta ita ce ba ta tsallake masu gari da malamai ta je ga mata a ɓoye ba. Ta ƙofa ta shiga, ta yi sallama. Porje, wato ayyukan ƙungiyoyin agaji, nawa muka gani sun shigo ta katanga, shekara uku kuɗi ya ƙare, allon sunansu kaɗai ya rage a bakin hanya?

Ga Alhaji kuma: aya ta 8 a Mumtahana ba ta hana mu kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba, kuma aya ta 82 a Ma'ida ta ambaci malaman Nasara da masu zuhudunsu da cewa ba sa girman kai. Tsare aƙidar yaranmu wajibi ne, ina tare da kai a nan. Amma hanyar tsarewar ita ce mu gina namu.

Alhaji_Kantin_Kwari:
Malam, masallatai nawa muka gina a garin nan? Kada a mai da mu kamar ba ma komai. Su kuɗin Turai ke bayansu.

Uwar_Nana:
Alhaji, babu mai raina masallaci. Amma a layinmu akwai uku, ana jin kiran sallar juna. Wurin da uwa za ta kai yaro mai kumburi a koya mata kunu ba tare da an ci mata fuska ba, nawa ne? Zakkar hatsi dami ɗaya cikin goma ce. In da ta jihar Maraɗi kaɗai ana tara ta a tsare har watan bakwai da takwas lokacin da rumbuna suka bushe, da wa zai jira Turai?

Zeinabou_AliDanSofo:
Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna koyar da mata. Na san mu Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tibiri tarihinmu da Sakkwato akwai tsami, amma wannan aikin nata abin koyi ne. Mata Masu Dubara ma a jihar nan aka fara shi a 1991, mata na zuba kuɗi a akwati duk mako, yau ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. Iyawa muna da ita. Abin da maser suka fi mu shi ne zama wuri ɗaya shekara da shekaru.

Mushe_Issoufou:
Zama kam. A watan Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatancin jaridar Faransa, mutane da yawa sun ɗauka Kiristoci baƙi za su tattara su tafi. Ba ta tafi ba. Zanen ya ƙona mana rai, ni ma ya ƙona min, amma waɗanda aka ƙona wa gini ba su suka zana ba.

Polin_SabonGari:
Mushe, kwanakin nan a gidan maƙwabcinmu Musulmi muka kwana, ni da 'ya'yana. Matarsa ta ba ni hijabinta, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a zaure ya kwana a bakin ƙofa. Wannan ma Maraɗi ce, ina so a rubuta shi kusa da sauran.

Laouali_Bagalam:
To yanzu da ta rasu, wa ke riƙe da wurin? Galibi in mai abu ya tafi abin yakan bi shi.

Polin_SabonGari:
'Yan ƙungiyarta suna nan, ai don haka ta kafa ƙungiya maimakon ta yi aiki ita kaɗai. Yaran da Hajiya ta gani ranar Asabar shaida ne.

Mai_Unguwa_Tsoho:
Ni dai har yanzu ina kan bakana game da aure. Amma Hassana, ina da jika mai shekara sha ukku, ana ta zuwa tambaya. Zan ce su dakata ta gama lakwal tukuna, in ga abin da Allah zai yi.

Alhaji_Kantin_Kwari:
Ni ma ban canza ba, ɗana ba zai kwana a makarantarsu ba. Malam_Mokoyo, maganar tara zakkar hatsi, in da gaske kake ka same ni a kanti bayan Juma'a. Ina da sito da babu komai a ciki. Amma sai an sami mai riƙon amana, don na taɓa ba da buhu ashirin a wani wuri, rabi a kasuwa na gan su.

Malam_Mokoyo:
In sha Allahu zan zo. Anfirmiye, za mu buƙaci wanda ya iya awon dantsen nan.

Anfirmiye_Rabi:
Awon ba wuya, cikin awa ɗaya uwa ma tana koya. Ranar Lahadi ba ni da aiki.

Uwar_Nana:
Polin, in zan koma Tibiri ina so in shiga in gaishe su. Ana zuwa haka nan ko sai an yi sallama tun kafin ranar? Kuma me ya dace in riƙa, sabulu ko wake?